Sauya girman fatan ɗin shimfiɗar tsakiyar tebur: inda lissafin yake karyewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fatan (wato takardar da ke nuna awon yanka da tsarin ɗinki) na doguwar shimfiɗar nan ta tsakiyar teburin cin abinci, irin wadda ake harhaɗa ƙyallaye, a sa auduga a ciki, a bi da ɗinki. Taurari uku ne, kowane bulo (wato murabba'in da tauraro ɗaya ke ciki) inci 12, da ziri mai inci 1½ a tsakaninsu, da boda mai inci 2½ a kewaye. Idan an gama, faɗinta 17, tsawonta 44. Teburina kuwa 72 ne a tsawo, 36 a faɗi, don haka ta yi faɗi kuma ta yi gajarta. Na rage duk awon yankan zuwa kashi biyu cikin uku don bulon ya koma inci 8, amma guntayen sun ƙi haɗuwa, bulon ma bai kai 8 ɗin ba. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Laifin ba na hannunki ba ne, ba kuma na keke ba. Lissafin ya riga ya karye tun kafin almakashi ya taɓa yadi.

Duk lambar da fatan ya ce ki yanka, abu biyu ne a cikinta. Akwai abin da ido zai gani bayan an gama ɗinki, mu kira shi awon fuska. Akwai kuma alawus, wato ɗan ƙyallen da ɗinki ke cinyewa ya koma baya. A wannan sana'a alawus kwatan inci ne a kowane gefe, haka ake rubuta fatan ɗin da ke fitowa daga Amurka, inda aka fi yin irin wannan aiki. Awon fuska shi ake ragewa ko a ƙara. Alawus ba ya motsi, ko bulon ya kai girman tabarma ko ya koma kamar tafin hannu. Ke kuwa kin rage su duka biyun a takarda, sannan da kika hau keke kika ci gaba da ɗinka cikakken kwata.

Duba abin da ya faru. A tauraron inci 12 irin naki, murabba'in tsakiya ana yanka shi 6½, na kusurwa 3½, babban murabba'in da ake fitar da gefen tsini daga gare shi 7¼, ƙananan murabba'an tsini 3⅞. Da kika ɗauki kashi biyu cikin uku, na tsakiya ya zama 4.33, bayan ɗinki ya tsaya a 3.83. Na kusurwa ya zama 2.33, ya tsaya a 1.83. Ki haɗa 1.83 da 3.83 da 1.83, za ki ga kusan 7½. Ga rabin incin da ya ɓace miki nan. Abin da ya fi wannan muni shi ne guntun tsini: 7¼ ya koma 4.83, bayan ɗinki faɗinsa 3.58, alhali murabba'in da zai zauna a jikinsa 3.83 ne. Kwatan inci guda tsakaninsu. Shi ya sa suka ƙi haɗuwa, domin alwatika tana ɗauke da alawus mai yawa fiye da murabba'i, saboda haka ragin ya fi cin ta.

Gyaran mataki uku ne, kuma kada a sauya jerinsu: ki cire alawus ki koma awon fuska, ki rage ko ki ƙara awon fuskar, sannan ki mayar da alawus ɗin yadda yake. Abin da ake mayarwa ya dogara da siffar guntun. Murabba'i, ziri, da duk mai kusurwa huɗu madaidaita, ana ƙara masa rabin inci a tsawo da rabin inci a faɗi. Murabba'in da za a tsaga sau ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa ya ba da alwatika biyu, ana ƙara masa ⅞. Wanda za a tsaga sau biyu ya ba da alwatika huɗu, ana ƙara masa 1¼. Lambobin nan uku, ½ da ⅞ da 1¼, ki rubuta su ki manna a jikin kekenki. Idan fatan bai faɗi awon fuska ba, da su za ki gano shi ta hanyar debewa: 7¼ a debe 1¼ saura 6, 3⅞ a debe ⅞ saura 3.

Kafin a zaɓi sabon girman bulo, a ƙirga gidajensa. Kowane bulon faci yana zaune ne a kan jerin gidaje kamar gurbin dara. Tauraronki gida huɗu ne a kwance, huɗu a tsaye: kusurwa gida ɗaya, tsakiya gida biyu, kusurwa gida ɗaya. A inci 12 kowane gida 3 ne. A inci 10 gida 2½ ne, a 9 gida 2¼, a 8 gida 2. Duk waɗannan suna nan a jikin tef ɗin tela, wanda ya raba inci kashi takwas. Amma da bulon mai gida uku-uku ne, inci 10 zai ba ki 3⅓, lambar da babu ita a tef, sai ki zaɓi 9 ko 10½. Mai gida biyar-biyar kuma yana son 10 ko 7½ ko 12½, ba ya son 12. Mutane da yawa suna fara yanke shawarar girman da suke so, sannan su yi ta fama da lambobin da ba za su aunu ba. A bar gidajen su faɗi girman da zai yiwu, a cike gurbin da ya rage da ziri da boda.

Yanzu ga teburin. Faɗin shimfiɗar tsakiya ana kai shi wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin tebur, wato 12 zuwa 14 a naki. Dalilin ba ado kaɗai ba ne. Farantin cin abinci yakan kai inci 10 zuwa 11. Idan kika shimfiɗa mai faɗin 17 a kan tebur mai 36, abin da zai rage a kowane gefe 9½ ne, farantin zai hau bakin shimfiɗar ya karkata, miya ta sami hanya. Da mai faɗin 13 kuwa, kowane gefe zai sami 11½. Tsawo kuma zaɓi biyu ne. Ko ta zarce tebur ta sauko da inci 6 a kowane kai, ta zama 84, ko ta tsaya a kan tebur da tazarar kamar inci 6 daga baki, ta zama 60. Idan akwai masu zama a kawunan teburin biyu, ko akwai yara masu rarrafe da za su kama abin da ke reto, gajeriyar ta fi. Abin da bai dace ba shi ne ta ƙare daidai bakin tebur, sai ta yi kamar an auna an kasa. Zan yi lissafin da 84.

A nan ne ake gane cewa shimfiɗa irin wannan ba a sauya ta da kaso ɗaya. Faɗi kike son ragewa, tsawo kike son ƙarawa kusan ninki biyu. Girman bulo shi ke riƙe da faɗi, yawan bulo shi ke riƙe da tsawo. Lissafin tsawon kuwa: yawan bulo sau girmansa, a haɗa da zirin tsakani (kullum ziri yana kasa yawan bulo da ɗaya), a haɗa da bodar kai biyu.

Idan kin nace a kan inci 8, bulo tara ne: 72, da ziri takwas masu inci 1, da boda mai inci 2 a kewaye. Tsawo 84, faɗi 12. Yankanta: tsakiya 4½, kusurwa 2½, babban murabba'i 5¼, ƙananan murabba'an tsini 2⅞, ziri 1½ a 8½.

Ni dai shawarata ki ɗauki inci 10. Bulo bakwai, 70. Ziri shida, ki bar su a 1½ ɗinsu na asali, 9. Bodar kai ta zauna a 2½ ɗinta, 5. Jimla 84 cif. Bodar gefe kaɗai za ki rage zuwa 1½, faɗin ya zama 13. Kada ya dame ki cewa bodar kai ta fi ta gefe faɗi, ai ita ce za ta sauko daga tebur, kuma a nan ne aka saba ɓoye ragowar lissafi. Dalilin fifita 10 ɗin shi ne kowane tauraro guntu 17 ne. Bakwai sun ba ki 119, tara sun ba ki 153, kuma gwargwadon ƙanƙantar guntu gwargwadon yadda ɗan kuskure ke bayyana a jikinsa. Duka biyun lambar mara ce, don tauraro ɗaya ya faɗo tsakiyar tebur. In kuma kullum akwai kwano ko tulun fure da ke zama a tsakiyar, lambar cika ma ba laifi, tunda abin da ke ƙarƙashinsa ba a ganin sa.

Ga yankan na inci 10. Daga yadin tauraro: murabba'i 7 masu 5½, da 28 masu 3⅜. Daga yadin bango, wato wanda tauraron ke zaune a kai: 7 masu 6¼, da 28 masu 3. Ziri shida, 2 a 10½. Bodar gefe biyu, 2 a 79½. Bodar kai biyu, 3 a 13½. Amma bodar kada ki yanka ta yanzu, zan faɗi dalili a gaba.

Gefen tsinin ana fitar da huɗu a lokaci ɗaya. Ki shimfiɗa babban murabba'in, ki ɗora ƙanana biyu a kusurwoyi biyu masu kallon juna, fuska da fuska. Za su ɗan hau juna a tsakiya, haka ake so. Ki ja layi da fensir daga kusurwa zuwa kusurwa ta kansu, ki yi ɗinki kwatan inci a dama da layin, kwatan inci a hagu, ki yanke a kan layin. Ki buɗe ƙananan ki danne da guga, za ki sami abu biyu masu siffar zuciya. Kowanne ki ɗora masa ƙaramin murabba'i a kusurwar da ta rage, ki ja layi ya fita ta tsakanin kunnuwan biyu, ki sake ɗinki a gefe da gefe, ki yanke. Kowane guntu ya auna 3 a 5½, kuma a saman tsinin babbar alwatikar ya kasance akwai kwatan inci. Idan babu wannan kwatan, ɗinki na gaba zai sare tsinin. Wanda hannunsa bai zauna ba tukuna, ya yanka babban 6½, ƙananan 3½, ya datse bayan guga. Ƙyallen da za a yi asara kaɗan ne, kuma abin da ya yi yawa ana datse shi, wanda ya gaza kuwa sai dai a sake.

Bulo ɗaya za ki fara ɗinkawa da ragowar ƙyalle, ki goge ki auna. Dole ya ba ki 10½ kafin a haɗa shi da komai. Idan ya ba da 10¼, alawus ɗinki ya yi faɗi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a doguwar shimfiɗa. Daga kai zuwa kai akwai ɗinki 28 da ke gitta tsawonta: biyu a cikin kowane bulo, goma sha biyu a jikin ziri, biyu a bodar kai. Idan kowane ɗinki ya zarce da rabin ɗan layin nan na tef, wato kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci, yana cin wannan daga ƙyalle biyu. Sau 28, inci 3½ sun tafi. A fatan ɗin asali mai bulo uku ba za ki lura sosai ba, shi ya sa masu tsawaita fatan ke mamakin inda tsawon ya shiga.

Gwajin alawus mai sauƙi ne. Ki yanka ziri uku masu faɗin 1½, ki haɗa su gefe da gefe, ki goge. Faɗinsu ya zama 3½, na tsakiya ya zama inci 1 daidai. In bai kai ba, ki matso da ɗinkin waje da kaurin zare ɗaya ko biyu, domin zaren kansa da ninkin guga suna cin wani abu. Kada ki amince cewa bakin ƙafar keke kwata ne, musamman a baƙin keken ƙafa irin su Butterfly da tsohon Singer, sai kin auna. Ki sauke allura a kan rula, ki manna salatif a jikin farantin keken daidai kwata, ki riƙa bin bakinsa. Tsawon ɗinki kamar taku 12 a inci ya isa wajen haɗa faci.

Akwai telolin da hannunsu ya saba da rabin inci saboda ɗinkin kaya. Ana iya yin faci da shi, amma lambobin nan uku za su koma 1 da 1¾ da 2½, kuma bayan aikin zai yi tudu a duk inda ɗinki ya haɗu. A guntu mai inci 2½ ban ga amfanin sa ba. Masu aiki da santimita kuma, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, kada su juya kowace lamba ɗaya bayan ɗaya, don inci 10 santimita 25.4 ne, ba ya rabuwa huɗu da daɗi. Su zaɓi bulo mai santimita 24 ko 26, alawus 0.75, su ƙara 1.5 ga murabba'i, 2.5 ga mai tsaga ɗaya, 3.5 ga mai tsaga biyu.

Batun boda. Idan kin gama jera bulo da ziri, ki shimfiɗa aikin a ƙasa mai laushi, ki auna tsawonsa ta tsakiya, ba ta baki ba. Bakin ya riga ya ɗan miƙe saboda ja da guga. Abin da tsakiya ta ba ki, ko 79½ ko 79, shi za ki yanka bodar gefe biyun da shi, daidai wa daida. Ki ninka bodar huɗu ki sa alama, ki ninka aikin huɗu ki sa alama, ki haɗa alama da alama da fil, sannan ki ɗinka. Wanda ya ɗora dogon ziri ya yi ta ɗinki har ƙarshe sannan ya yanke ragowar, bodarsa za ta yi ta lanƙwasa kamar ganyen latas, kuma guga ba ta gyara wannan. Gefe ɗaya ki ɗinka daga sama zuwa ƙasa, ɗayan daga ƙasa zuwa sama, don kada shimfiɗar ta karkace kamar ayaba. Wannan karkacewar ita ce cutar abu mai tsawo da siranta. Guga kuma dannawa ake a ɗaga, ba a ja.

Idan da atamfa za ki yi, kina da wata riba. Turmi yadi shida ne, inci 216, don haka za ki iya fitar da bodar gefe a tsaye ba tare da haɗi ba, kuma yadi bai cika miƙewa ta tsawonsa kamar yadda yake yi ta faɗinsa ba. Ki dai yanke bakin nan mai rubutu tukuna, saƙarsa ta fi tauri, yana tattare ɗinki. Sai dai atamfa tana da nata sharaɗin wajen rage girma: zanenta ba ya raguwa tare da fatan. Furen da ya zauna daram a murabba'i mai inci 6 zai iya rasa kai a mai inci 5, a tsini mai 2½ kuwa ba za a gane komai ba sai ɗigon launi. Manyan zane ki ajiye su a tsakiyar tauraro, ki yanka taga mai inci 5 a kwali ki riƙa ɗorawa a kan yadin har ki sami inda ya dace. Tsini kuma ki ba shi yadi mai launi ɗaya ko mai ƙananan zane. Ki wanke komai kafin yanka, sitacin ya fita, wanda zai shige ya shige. Ja da shuɗi mai duhu ki jiƙa su da ɗan farin ƙyalle ki gani ko suna zuba. Kuma kada ki haɗa yadi mai nauyi da mara nauyi a bulo ɗaya, mara nauyin ne zai riƙa tattarewa.

Yawan yadin da za ki saya, na lissafa da faɗin inci 40 mai amfani, don a kan haka ake rubuta irin waɗannan fatan. Atamfa takan fi haka faɗi, sai ki sami rara. Yadin tauraro rabin yadi, na bango rabin yadi. Ziri da boda suna cin inci 17, rabin yadi zai yi amma babu wurin kuskure, gara ki ɗauki kwata uku. Kada ki ce tunda tsawo ya kusa ninkawa sai ki ninka yadin fatan ɗin asali. Fili ake aunawa: 17 sau 44 ya ba da 748, 13 sau 84 ya ba da 1092, wato kusan ɗaya da rabi. Wanda kuma ya ninka bulo biyu a tsawo da faɗi, fili huɗu ya samu, ba biyu ba.

Shafin baya da audugar ciki su zarce fuskar da inci 2 a kowane gefe, kamar 18 a 89. Ba sai kin sayi yadi biyu da rabi don shafin ba. Yadi ɗaya da kwata inci 45 ne, ki tsaga shi biyu ta tsawo, ki haɗa kai da kai, ki sami 89½. Tunda wanki zai ci wani abu, ki sayi ɗaya da rabi. Audugar ta zama siririya mai kwanciya. Soso mai kauri da faiba mai tashi na bargo ne, a kan tebur kofin shayi ba zai tsaya a kansu ba. Faiba kuma tana narkewa da zafi, don haka tukunyar da aka sauke daga wuta ba ta da wuri a kan wannan shimfiɗa. In babu audugar shimfiɗa a kusa, tsohon zanin gado mai laushi na auduga, rufi ɗaya ko biyu, yana yin aikin. Audugar zalla takan shige da kamar kashi 3 cikin ɗari a wankin farko, a inci 84 kusan 2½ ke nan, kuma ɗinkin da ake bi a kai shi ma yana ɗan tattara ta. Idan saukowar inci 6 ɗin na da muhimmanci a gare ki, ki mayar da bodar kai 3½ a fuska, wato ki yanka 4.

Ɗinkin saman shi ma yana bin sabon girma. Idan fatan ya ce a bi layi kowane inci 3, gida ɗaya yake nufi, a naki ya koma 2½, in ba haka ba layukan za su riƙa saɓa wa kusurwoyin tauraro. Ki fara daga tsakiyar shimfiɗar ki nufi kai ɗaya, ki dawo tsakiya ki nufi ɗayan. Ki ɗan tsawaita takun ɗinkin, kamar 8 zuwa 9 a inci. Idan kekenki ba shi da ƙafar nan mai jan rufin sama da na ƙasa tare, ki sassauta sukurun da ke danne ƙafar, ki kuma kama rufin ukun da dogon ɗinkin hannu ko fil mai makulli kowane inci 4, don kada na sama ya riga na ƙasa isa.

Naɗin baki: kewayen 13½ da 84½ inci 196 ne, ki ƙara 10 don kusurwoyi da haɗin ƙarshe, 206. Ziri shida masu faɗin 2¼, a haɗa su a karkace don kada haɗin ya yi ƙulli, a ninka biyu ta tsawo. Rabin yadi ya isa. Faɗin naɗin baki, kamar alawus, ba ya bin girman bulo.

Saura yanayi biyu da za ki iya cin karo da su a wani fatan. Na farko, bulon da aka jera a tsaye kan kusurwarsa kamar lu'ulu'u. A nan faɗin da yake ci ba gefensa ba ne, tsakanin kusurwa da kusurwa ne, wato gefe sau 1.414. Bulo mai inci 10 zai ci 14⅛, ya riga ya wuce faɗin da kike so tun babu boda. Mai inci 8 zai ci ɗan sama da 11¼. Alwatikan da ke cike gefe ana fitar da su daga murabba'i mai girman bulo sau 1.414 a ƙara 1¼, a tsaga sau biyu: ga bulo 8, ki yanka 12⅝. Na kusurwa kuma bulo a raba da 1.414 a ƙara ⅞, a tsaga sau ɗaya: 6⅝. Kada a musanya su. An tsara haka ne don madaidaiciyar saƙa ta faɗo a bakin shimfiɗar. Idan bayas, wato gefen da aka yanka a karkace, ya faɗo a baki, miƙewa zai yi ta yi. Haka nan in kina son kan shimfiɗar ya yi tsini, tsinin zai ci rabin faɗinta a tsawo, 6½ a kowane kai, sai ki sa shi cikin lissafin 84 ɗin.

Na biyu, fatan mai fure ko ganye da ake mannawa a kan yadi, ko wanda ake ɗinkawa a kan takarda. Wannan kam injin hoto ne ke sauya shi. Girman da kike so a raba da girman da yake a kai, sau ɗari: daga 12 zuwa 10 kashi 83, daga 12 zuwa 8 kashi 67, daga 8 zuwa 12 kashi 150. Injin zai rage alawus ɗin da ke zane a takardar shi ma, don haka layin ɗinki kaɗai za ki ɗauka, ki sake zana kwatan inci a wajensa da rula. Faɗin takardar A4 inci 8¼ ne, bulo mai 10 ba zai shiga ba, sai A3 ko a buga gida biyu a manna. Fatan ɗin Amurka kuma an tsara shi ne a kan takardarsu mai 8½ a 11, idan mai shagon ya bar kwamfuta ta daidaita shi da A4 zai ragu da kusan kashi 3 cikin ɗari ba tare da kowa ya lura ba. Ki ce ya buga a ainihin girmansa, kashi 100, sannan ki ɗora tef a kan ɗan murabba'in gwajin nan mai inci 1 da ake bugawa a gefen shafin kafin ki bar shagon.